Tsohuwar na'urar rage sigina HP 8496G a teburin gyaran oba-oba: yadda aka gwada ta kafin a yarda da ita

Ƙorafin da ya fi wahalar da mai gyaran oba-oba shi ne wanda ba ya nuna kansa a kan tebur: "rediyon nan ba ya ji daga nesa." A cikin shago, idan ka danna ɗaya ka yi magana, ɗayan zai amsa tar ko da kunnensa ya kusa mutuwa, domin siginar da ke tashi tsakanin taku biyu ta ninka abin da yake buƙata sau miliyoyi. Kafin a ce rediyo ya kurmance, sai an ba shi sigina 'yar mitsitsiya wadda aka san girmanta, a ga ko zai kama. Lafiyayyen rediyon hannu na zangon VHF yakan ji siginar da ba ta wuce 0.25µV ba, wato −119dBm a layin 50Ω (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne: 0dBm shi ne 1mW, kuma gwargwadon nisan lamba ƙasa da sifili, gwargwadon raunin siginar). Samar da sigina mai ƙarfi ba wuya. Rage ta har ta kai wannan matsayi, a kuma san nawa aka rage, nan gizo ke saƙar.

Shagon da wannan lamari ya faru a Kano yake, kuma yawancin masu kawo masa aiki kamfanonin gadi ne da masu motocin dakon kaya. Yana da ƙaramin janaretan sigina wanda za a iya dogara da shi daga 0dBm zuwa wajen −30dBm. Ƙasa da haka kuwa, abin da allonsa ke nunawa daban, abin da ke fita daban. Ana cikin wannan hali sai maigidan ya tsinci wani dogon ƙarfe mai nauyi a cikin kayan gwanjon da suka zo daga Turai, da tambarin Hewlett-Packard a jikinsa da lamba 8496G. Babu takarda, babu akwatin sarrafa shi, sai guntun kebul mai wayoyi kala-kala da wani ya datse da fulaya. Shi ne ya kira ni in duba ko abin kirki ne.

Mece ce ita?

Na'urar rage sigina ce mataki-mataki, wadda masu sana'a ke kira atenuweta. Hewlett-Packard, kamfanin da aka kafa a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a 1939, ya fara fitar da wannan dangi tun shekarun 1970. Sashen kayan awonsa ya koma Agilent a 1999, daga baya ya zama Keysight a 2014, amma lambobin ba su canja ba: 8494 tana rage 0 zuwa 11dB (desibel, ma'aunin ragin sigina), ɗaya-ɗaya, 8495 tana rage 0 zuwa 70dB, goma-goma, 8496 kuma 0 zuwa 110dB, ita ma goma-goma. Masu harafin A da B da hannu ake murza su. Masu G da H da lantarki ake juya su, shi ya sa kwamfuta ke iya ba su umarni. G tana aiki daga DC, wato wuta tsayayya irin ta batir, har 4GHz, H kuma har 18GHz. Lambar siriyal ɗin HP ta wancan zamani tana da fassara: lambobi biyun farko, idan aka tara su da 1960, suna ba da shekarar zubin. Ta wannan shago ta fara da 2, saboda haka 'yar shekarun 1980 ce.

A cikin 8496 akwai sassa huɗu a jere: 10dB, 20dB, 40dB da wani 40dB. Kowane sashe yana da hanya biyu, miƙaƙƙiya wadda sigina ke bi ta wuce ba ragi, da wadda ke ratsa ɗan katin resista. Siraran harsuna masu ruwan zinari ne ke lanƙwasawa su taɓa wannan ko waccan, koyil biyu kuma ke tura su, ɗaya ya shigar da sashen, ɗaya ya fitar da shi. Maganaɗisu ne ke riƙe sashen a inda aka bar shi, don haka ko an ɗauke wuta ba ya motsi. Duk wani mataki daga 10 zuwa 110 haɗin waɗannan huɗun ne: 30 shi ne 10 da 20, 70 shi ne 10 da 20 da 40, 110 kuwa dukkansu.

Alƙaluman da maƙerinta ya bayar masu kyau ne: tana juyawa cikin 20ms, tana komawa mataki ɗaya ba tare da saɓanin da ya wuce 0.03dB ba, kuma an tsara kowane sashe ya jure juyi miliyan 5. Sai dai wannan alkawarin sabuwa ne. Wadda ta shekara wajen arba'in, ta bi ta hannun mutanen da ba mu sani ba, sai an tambaye ta da awo. Kuma akwai lamba ɗaya da ta fi duk sauran muhimmanci a shagon oba-oba: 1W. Iyakar ƙarfin da take ɗauka ke nan. Rediyon hannu yana fitar da 5W, na mota 25W zuwa 50W. Mutum ɗaya ya danna maɓallin magana bisa kuskure, katin resista ya ƙone.

Koyil takwas, huɗu "matattu"

Kafin in iso, yaron shagon ya riga ya ɗora maltimita a kan wayoyin, kuma ya yanke hukunci.

"Oga, rabinta ya mutu. Huɗu suna karantawa, huɗu shiru."

Awon nasa daidai ne, fassarar ce ta kauce. Waya guda ce ta gama-gari, wadda ke karɓar +24V, sai takwas, biyu ga kowane sashe. Tsakanin ta gama-garin da kowace waya ya kamata a ga wajen 190Ω, wanda ke nufin koyil yana jan kusan 125mA. Amma a cikin na'urar akwai ɗan makunni da ke yanke koyil da zarar ya gama aikinsa. Saboda haka a kowane sashe, koyil ɗin matsayin da ake ciki yanzu a yanke yake, ɗan'uwansa ne kawai ke karantawa. Huɗu masu amsawa da huɗu masu shiru alamar lafiya ce. Har ma da ƙarin amfani: da maltimita kaɗai za ka san inda kowane sashe yake tsaye ba tare da ka saka sigina ba.

Muka saita wutar gwaji a 24V, muka taƙaita abin da za ta iya bayarwa zuwa 200mA, sannan muka riƙa taɓa kowace waya da ƙasa, wato gefen nagatif na wutar, na ɗan lokaci kaɗan. Taƙaitawar tana da dalili. Idan sandar cikin koyil ta maƙale ba ta kai ƙarshe ba, makunnin ba zai yanke ba, koyil ɗin zai ci gaba da shan wajen 3W har ya yi zafi. Sassan huɗu duka sun yi "ƙwas" shiga da fita, kuma bayan kowane juyi wayar da ke karantawa ta koma shiru, ta shirun ta farka. Maigidan ya so a tsaya nan a ɗora rediyo. Na ce a dakata, domin ƙarar koyil ba ta faɗin komai game da abin da ke faruwa a hanyar sigina.

Abin da maltimita ke iya faɗa

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so masu gyara su riƙe, domin ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Tunda na'urar tana aiki tun daga DC, katunan cikinta resista ne tsantsa, kuma lissafi yana faɗin abin da ya kamata mita ta nuna.

Awo na farko: duk sassa a fice, wato 0dB. Daga tsinken tsakiya na wannan baki zuwa na wancan bakin, abin da za a gani ɗan kaɗan ne, kusa da abin da wayoyin mitar kansu ke nunawa. Daga tsinke zuwa jikin ƙarfe kuma babu haɗi sam.

Awo na biyu: a shigar da sashe ɗaya tak, a bar ɗaya bakin a buɗe, a auna daga tsinke zuwa jiki. Sashen 10dB zai ba da wajen 61Ω, na 20dB wajen 51Ω, na 40dB kuma 50Ω. A juya a auna daga ɗaya bakin, dole lambar ta zama iri ɗaya. Katin da aka ƙona da tiransimita, wato ɓangaren rediyo mai aika sigina, yawanci gefen da wutar ta shigo ne ke lalacewa, sai ka ga 61 a nan, can kuma wata lamba ta daban. Matsalar wannan awo ita ce 51 da 50 sun yi kusa da juna, mita mai araha ba za ta raba su da tabbaci ba.

Shi ya sa ake yin na uku: tsinke zuwa tsinke, sashe ɗaya a ciki. A nan lambobin sun warwatsu sosai: 10dB wajen 52Ω, 20dB wajen 82Ω, 40dB wajen 98Ω. 

Sashen 10, na 20 da 40 na farko duk sun faɗa inda lissafi ya ce, daga kowane baki. Babu alamar ƙuna, kuma wannan shi ne babban abin da nake tsoro, domin katin da ya ƙone sai dai a ciro wani daga wata matacciyar na'urar. Sashe na huɗu ne ya tona kansa. Wani lokaci ya ba da 98Ω, wani lokaci mitar ta nuna babu haɗi, wani lokaci kuma lambar ta riƙa yawo. Idan aka ƙwanƙwasa jikin da bayan sukuddireba sai ta canja. Abin da ya fi muni, ko an fitar da sashen, miƙaƙƙiyar hanyar ma takan yanke. Ke nan ko a 0dB ba za a amince da na'urar ba, tunda kowace sigina sai ta bi ta sashe na huɗu kafin ta fita.

Zoben roba

Wannan ciwo sananne ne ga duk wanda ya taɓa gyaran tsofaffin kayan awo masu irin wannan atenuweta a ciki. Tsakanin farantin da koyil ke motsawa da harsunan zinarin akwai 'yan sanduna farare na roba mai tauri, kuma ƙananan zobban roba ne ke riƙe su a jikin farantin. Roba ba ta shekara arba'in tana nan yadda take, ko wane ne ya yi ta. Takan bushe ta farfashe, ko ta narke ta yi danƙo. Daga nan koyil zai yi ƙararsa yadda ya saba, amma sandar ba ta danna harshen har ya zauna.

Buɗe ta akwai ɗaki biyu, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Na koyil murfi ne kawai, ana cirewa a mayar. Na sigina shi ne inda katunan da harsunan suke, kuma a can ko ƙura ɗaya matsala ce. Lokacin hunturu ne, don haka muka koma ɗakin ciki, muka rufe taga, muka kashe fanka, muka shimfiɗa farar takarda. Zobban sashe na huɗu sun zama gari. Na sauran sassan suna nan, amma da aka taɓa su da hantsaki sai suka tsage, wato su ma kwanansu ya ƙare. Aka canja duka, domin babu hikima a buɗe irin wannan na'ura sau biyu.

Inda aka samo zobban zai ba wasu mamaki: wajen mai gyaran agogo. Zoben da ke hana ruwa shiga ta maɓallin agogon hannu yana zuwa girma-girma a cikin ƙaramin akwati, kuma a ciki akwai wanda ya yi daidai. Sharaɗin shi ne kauri. Zobe mai kauri fiye da kima yana hana farantin kai ƙarshe, maganaɗisun ba zai kama ba, makunnin ba zai yanke koyil ba. Harsunan kuwa ba a kankare su, ba a fesa musu man goge lantarki, ba a gyara lanƙwasarsu da hannu. Siririyar takarda mai tsabta da aka jiƙa da sifirit aka zura tsakanin harshe da mazauninsa, aka ja a hankali. Katunan resista ba wanda ya taɓa su da yatsa.

Bayan an rufe, sashe na huɗu ya tsaya a 98Ω, ana juya shi ana ƙwanƙwasawa bai sake motsi ba.

Daga om zuwa desibel

Sanin cewa katunan suna da rai daban, sanin nawa suke ragewa daban. Ga wannan ma DC ta isa a fara. Aka toshe bakin fita da resista 49.9Ω mai inganci, aka saka 1V a bakin shiga, wanda bai wuce 20mW ba, aka riƙa auna abin da ke fita. Lissafi ya ce 10dB zai bar 316mV, 20dB 100mV, 40dB kuma 10mV. Kuskuren 0.1dB yana daidai da ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100 na wutar, don haka a sashen 40dB mitar da ke ƙirga 0.1mV tana bakin iyakarta. Muka ɗaga shigarwar zuwa 3V, wato 180mW, har yanzu nesa da 1W, domin a samu 30mV. Kowane awo an yi shi sau biyu, ana juya kan wayoyin, aka ɗauki tsaka-tsaki, saboda 'yar wutar da haɗuwar ƙarafa mabambanta ke haifarwa ta soke kanta. Sassan huɗu sun fito kusa da abin da aka rubuta musu, gwargwadon abin da mitar ke iya rabewa.

Ba mu yi ƙoƙarin auna 110dB gaba ɗaya ba. Daga 1V, abin da zai rage 3µV ne da 'yan kai, kuma maltimitar shago ba ta ganin wannan. Ba a ma buƙata. Tunda kowane sashe yana nuna wa maƙwabcinsa 50Ω, desibel ɗinsu tarawa ake yi. Ka san huɗun, ka san duk matakan.

Sai gwajin firikwensin rediyo, domin harshen da ke taɓawa sama-sama yana iya wucewa a DC ya faɗi a 150MHz. Abin da ke hannu NanoVNA ce, ƙaramar na'urar awo mai araha da ta yaɗu a hannun masu son rediyo. Irin ta farko tana gani da kyau har wajen 70dB a ƙasa da 300MHz, sama da nan ganinta yana raguwa. Aka sa ƙaramin kati mai rage 6dB a kowane gefe domin gyara rashin daidaiton bakunanta, aka yi saiti da su a jiki, sannan aka auna sashe-sashe. A 0dB asarar ba ta kai 1dB ba, kuma layin ya miƙe ba tudu ba kwari. Sassan 10, 20 da 40 biyun sun zauna inda DC ta ce. Da aka haɗa 40 da 20 layin ya fara rawa, a 80dB kuwa ya zama ciyawa. Yaron ya sake cewa ta lalace. A wannan karon NanoVNA ce ta kai ƙarshen ganinta, atenuwetar ba ta yi komai ba.

Akwatin sarrafawa

Asalin abokin aikinta HP 11713A ne, akwati mai maɓallai a gaba da bakin HP-IB na haɗawa da kwamfuta a baya, layin da ya zama ƙa'idar IEEE 488 a 1975. Sayo shi da kuɗin dako ya fi ƙarfin abin da shagon ke son kashewa, kuma aikin ba mai wuya ba ne. Koyil takwas ne, ULN2803A kuma, 'yar ƙwayar lantarki mai kunna koyil, tashoshi takwas gare ta, kowace tana ɗaukar har 500mA da 50V, da dayod ɗin kariya a ciki. Ƙafa ta 9 ta tafi ƙasa, ta 10 ta tafi +24V domin dayod ɗin su shanye bugun da koyil ke mayarwa idan an yanke shi. Arduino, ƙaramin allon kwamfuta, ke ba ta umarni ta ƙafafunsa 2 zuwa 9. An kauce wa 0 da 1 saboda na hira da kwamfuta ne, an kauce wa 13 saboda tana ƙyaftawa duk lokacin da allon ya tashi, kuma kowace ƙyaftawa juyi ne a banza.

Ƙa'idoji uku aka rubuta a cikin manhajar, kuma ta biyun ce mutane suka fi mantawa. Ta farko, bugu ake bayarwa na 50ms a saki, kuma ba a taɓa kunna koyil biyu na sashe ɗaya tare. Ta biyu, a shigar kafin a fitar. Ɗauki tafiya daga 30dB zuwa 40dB: ana fitar da 10 da 20, ana shigar da 40. Idan aka fara da fitarwa, akwai ɗan lokacin da na'urar ke 0dB, duk ƙarfin janareta ya faɗa kan risibar da ake lallaɓawa, wato ɓangaren rediyo mai karɓar sigina. Idan aka fara da shigarwa, abin da zai faru kawai shi ne a ratsa ta 70dB a dawo 40, wanda ba ya cutar da komai. Ta uku ta shafi ɗauke wuta, abin da ba sai an yi wa mutumin Kano bayani ba. Atenuwetar tana tuna inda take, Arduino ba ya tunawa. Saboda haka duk lokacin da ya tashi, aikinsa na farko shi ne ya shigar da sassan huɗu, ya fara daga 110dB, allo da ƙarfe su zama magana ɗaya.

Wutar 24V ɗin daga ƙaramar adafta take. Maigidan ya so a ja daga batiran solarsa, tunda su ma 24V ne. Na hana, domin lokacin caji sukan haura 28V, na'urar kuma iyakarta 30V, ga bugun inbata a kan layin.

Inda teburin ya gaza

Ranar da aka fara aikin gaske, jerin ya kasance haka: janareta a 0dBm, atenuweta, sai kati mai rage 30dB wanda ke jure 50W, sannan bakin eriyar rediyo. Wannan katin na ƙarshe shi ne mai gadi. Idan aka danna maɓallin magana, 5W zai isa atenuweta a matsayin 5mW, 50W kuma 50mW.

Aka ɗora lafiyayyen rediyo, aka saka sautin 1kHz, aka fara sauka. A 80dB, wato −110dBm, sauti tsaf. A 90dB ya fara haɗuwa da shuu, daidai yadda ake tsammani. A 100dB ya kamata ya ɓace. Bai ɓace ba. A 110dB ma yana nan, kuma ƙarfinsa bai ragu ba ko kaɗan. In da za a yarda da allo, wannan rediyon yana jin −140dBm, abin da ba ya yiwuwa ga irinsa.

Gwajin da ya warware zancen mai sauƙi ne. Aka cire kebul daga rediyon, aka toshe bakinsa da murfin 50Ω, janareta na kunne. Sautin yana nan. Ashe siginar ba ta atenuweta take bi ba sam, ta iska take zuwa. Randa ce da aka toshe bakinta da kyau alhali gindinta na yoyo. Rage 110dB yana nufin barin kashi ɗaya cikin biliyan ɗari ya wuce, kuma kebul ɗin RG-58 mai saƙa ɗaya, da kanektocin BNC da suka saki, da janareta mai jikin roba, duk suna zubar da fiye da haka.

A ganina nan ne darajar wannan lamari take. Mutum yakan sayi na'ura mai lamba 110 ya ɗauka ya sayi 110dB. Abin da zai samu shi ne abin da mafi raunin kayan teburinsa ya bari. Gyaran da aka yi bai taɓa atenuwetar ba. Aka canja kebul zuwa RG-223 mai saƙa biyu, gajeru, da kanektocin N da aka ɗaure da kyau. Aka saka janareta a cikin akwatin ƙarfe mai murfi, aka kai shi ƙarshen ɗaki. Aka zura zoben ferait a wayoyin sarrafawa da na wuta, domin su ma eriya ne. Amma abin da ya fi kowanne tasiri ko sisi bai ci ba: aka sauke janareta daga 0dBm zuwa −30dBm. Yoyo yana bin ƙarfin tushe ne, don haka ya ragu da 30dB nan take. Yanzu −120dBm yana fitowa ne daga −30 na janareta, 60 na atenuweta da 30 na mai gadi. Da aka maimaita gwajin murfi, shiru. Da aka ƙara 10dB, sautin ya nutse yadda ya kamata.

Daga ranar, gwajin murfin ya zama matakin farko kafin kowane awo, domin kebul ɗaya da ya saki ya isa ya dawo da yoyon.

Rediyon da aka yi ƙorafi a kansa

Matakin goma-goma ya yi faɗi ga awon kunnen rediyo. Cikakkiyar mafita ita ce a jera 8494G da ita, a samu 0 zuwa 121dB ɗaya-ɗaya. Kafin a samu, ana cike giɓin da ƙananan katuna na 3dB da 6dB, waɗanda ke ba da 3, 6 da 9 tsakanin kowane mataki. An auna asarar kebul da ta atenuwetar a 0dB da NanoVNA, an rubuta a takarda an manna a bango, ana cirewa daga kowane sakamako.

Ƙa'idar awon ita ce 12dB SINAD, wato ma'aunin yadda sauti ya rinjayi shuu, da sautin 1kHz da karkatar 3kHz ga tasha mai faɗin 25kHz, ko 1.5kHz ga mai 12.5kHz. Kwamfutar shagon ce ke yin wannan lissafi ta bakin sautinta. Lafiyayyun rediyon wani kamfanin gadi sun taru kusa da −119dBm. Wanda aka yi ƙorafin ba ya ji daga nesa sai da aka sauke ragin atenuweta mataki biyu, wato aka ƙara masa sigina, kafin ya kai 12dB SINAD ɗin. Mataki biyu 20dB ne, wato yana buƙatar ƙarfin da ya ninka na 'yan'uwansa sau 100. Mai gadin da ya ce ba ya jin ofis daga ƙofar baya gaskiya ya faɗa, duk da cewa a kan tebur rediyon yana amsawa kamar sabo.

Laifin yana tiransistar farko ta risiba, wadda ke karɓar sigina daga eriya. An canja ta, aka mayar da rediyon kan jeri ɗaya ba tare da an taɓa kebul ko janareta ba, ya koma sahun sauran. A takardar da aka miƙa wa kamfanin an rubuta lambar kafin gyara da ta bayan gyara, da firikwensin da aka yi awon. Katin 30dB ɗin kuwa an ɗaure shi a bakin atenuwetar da igiyar roba, aka naɗe kanektar da jan salatif, domin kada wani ya are shi zuwa wani aiki ya bar ta tsirara a gaban rediyon mota.